Kangon Bayan Tasha

…kuma ni ce na ce su rufe littafin. Gidan bene a kan dutse, ƙanƙara, kyandir na mutuwa—dariya ma suke yi. Sai na rubuta a allo: me ke sa wuri ya ba da tsoro? Duhu. Shiru. Rashin mutane. Na ja wa kowanne layi. Na ce ku kawo misali daga Kazaure.

Dela ce ta riga kowa. “Malama, kangon bayan tasha! Fatalwa ce a ciki, wallahi, mai zaƙo-zaƙon farce.”

Farce… Helen, kin ji? Gidanki suke nufi. Ke da kike cinye naki in ɗinkin salla ya yi miki yawa.

Duk aji ya ɗauka. Wai ana jin ƙarar keken ɗinki. Wai lemon gidan duk wanda ya sha sai ya haukace. Lemon da kika kawo irinsa daga Roni a gwangwanin madara, ni na riƙe, ke kina tona ramin da cokali—

Yau ne suka fi fahimtar darasi. Ya kamata in yi murna.

Ana goyon wasunsu shekarar rikicin. Me suka sani? Babbar mota, ke a baya, ɗanki Silvanus a cinyarki, takalminsa ƙafa ɗaya. Kin isa garinku? Ba wanda ya dawo ya gaya mini. Ko an tsayar da motar a hanya… a’a. A’a.

In ce musu mutum ce? Tela ce, sunanta Helen, Hausarta ta fi taku, tana rufe baki in za ta yi dariya. Za su tambaya, me ya kore ta? Wa ya cire ƙofar? Ga Lauwali a bencin gaba, ya fi kowa rantsuwa ya ji ƙarar keken. Ya ji mana. Kekenki a ɗakin uwarsa yake. Na gane shi ranar suna, har da tabon dutsen guga a gefen katakon. Wuyan rigar makarantarsa ma da shi aka ɗinka…

Yaro ne mai ladabi. Shi ke share mini allo.

“Malama, mu rubuta fatalwa a ƙarƙashin misali?”

Sun ɗaga biro, suna jira. In na ce e, na binne ki da hannuna. In na ce a’a—

Bari in zauna tukuna.