Koren Maɓallin Inna

"Danna mana, ba ya cizo," in ji Baba Injiniya.

Na danna. Wani ɗan akwati ya fito a allon, rubutunsa ƙanana kamar tururuwa. Ya yi tsaki, ya tura ni ga ta gaba. Kwamfuta uku ya jera a kan teburin cin abinci, kowace da irin tsarinta, ga kwalaben maganinsa a tsakani.

Ni tela ce, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ya zama sai ƙashi da fata, amma kullum sai ya ƙwala mini kira in zo in danna masa abu. Ni kuwa da shegen son jin ƙwaf, ko zare ba na tsayawa tsinkewa.

"Wai Baba, me ake nema ne?"

"Kayan da zan ɗinka wa manhajata fuska, 'yata. Iri-iri ne. Wannan ya yi kyau a nan, amma a waccan kwamfutar maɓallin ya karkace. Wancan ko'ina daidai yake, sai nauyin tsiya. Kafin ya buɗe kin gama riga."

"To ka zaɓi kwamfuta ɗaya mana, ka huta."

Ya dubi ƙofar ɗakin matarsa, ya rage murya. Inna na da ciwon sukari, idonta ya yi rauni, kuma shekara da shekaru shi ke tuna mata shan magani.

"'Ya'yana uku, kowa da irin kwamfutarsa. Ban san wanda zai ɗauki uwarsu bayan raina ba."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Daga ƙarshe mafi muni ya zaɓa, wanda ya iya fito da maɓalli ɗaya, kore, ƙato, iri ɗaya a duka ukun. Ya naɗi muryarsa ya saka. In lokacin magani ya yi manhajar za ta yi ta kira, sai an danna ta yi shiru.

"Baba, wannan ai ba kyan gani."

"Aurensa za ki yi?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya rasu wata safiya, ina kan keke na ji kukan Inna ta katanga.

Autarsu ce ta zo ɗaukar ta. Ina taya su ɗaure kaya, kwamfutar autar, da ya riga ya saka wa manhajar, na buɗe a kan tebur, sai muka ji muryar Baba tangaran: "Maman yara, magani."

"Na ji, Malam, na ji," in ji Inna.

Ta haɗiye ƙwayar, ta kora da ruwa. Autar ta ɗora mata hannu a kan linzamin kwamfutar, koren maɓallin ya cika allon. Inna ta bar hannunta a nan, ba ta danna ba.

"Maman yara, magani."