Wata a Kife

A kamfanin roba da ke Sharada, inda ake buga bokiti da buta da kujerun biki, babu mai kiran Lawan da sunansa. Injiniya ake ce masa. Ba a san makarantar da ta ba shi wannan muƙami ba, amma shekara ashirin da biyu ke nan injinan kamfanin suna jin maganarsa, su kuwa ba sa tambayar takarda. Abin da ya mallaka a duniya bai wuce gida mai ɗaki uku a Zawaciki ba, sai babur, sai wata magana da ma'aikata suke yi a kansa: ba a taɓa kawo masa abu ya ce ya gagare shi ba. Babur ɗin yana iya ba da aronsa. Maganar kuwa da ita yake kwana, da ita yake tashi.

Surukinsa Malam Muhyiddeen, mahaifin matarsa Safiyatu, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, shi ma yana da tasa martabar. Shi ne mai ganin wata na unguwa. Duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban yakan hau wani bene da aka fasa gamawa a bayan masallaci, ya duba yamma, ya ba Liman shaida, Liman ya kai gaba. Shekara biyu a jere bai ga komai ba. Shi ya ce hayaƙin kamfanoni ne. Likita ya ce yanar ido ce. Kwamitin masallaci ya fi karkata wajen likita, har an fara maganar a miƙa aikin ga Ɗahiru mai kemis, tunda idonsa garau yake, wayarsa kuma tana gaya masa inda wata yake tun kafin watan ya yanke shawara.

Ana cikin haka wani ɗan'uwa mai son alheri da son araha ya yi wa Malam odar madubin hangen nesa ta intanet. A jikin kwalin akwai hoton wata duniya mai zobe, da alkawarin girmama abu sau ɗari biyar. A ciki kuwa wani farin bututu ne mai kama da ragowar aikin famfo, da ƙafafu uku siririya. Ranar farko ƙafa ɗaya ta karye. Ɗan maɓallin da ake murzawa don hoto ya fito sosai sai juyawa yake a banza. In wani ya yi atishawa a ɗaki na biyu, bututun sai ya gyaɗa kai.

Ranar sha ɗaya ga wata Malam ya aika aka kira Lawan. Lawan ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa.

"Lawan, an ce babu abin da yake gagararka."

"Haka dai mutane suke faɗa, Baba."

"To ni ma mutum ne. Ga wannan. In bana ma na sauko daga benen nan hannu biyu, yaron nan mai sayar da maganin tsutsa za su ba."

"In sha Allahu ba za a kai ga haka ba. Ku bar min shi."

Ya ɗaure kwalin a bayan babur ya tafi da shi ɗakin gyara na kamfani, inda yake da aƙida mai sauƙi game da kowane inji: wanda yake rawa a ɗaure shi, wanda ya ƙage a ba shi giris, sauran kuma walda. Ƙafafun nan ya dube su sau ɗaya ya jefa a kwandon shara, har da biyun da ba su yi laifin komai ba. Ya samo tsohon rim ɗin mota, ya yi masa waldar bututun ƙarfe mai kauri a tsakiya, ya ciro boris daga wata fanka da ta rasu ya sa a wuya don kan ya riƙa juyawa. Haƙoran maɓallin na roba ne, sun cinye. Ya zauna da zarto ya yanka sababbi daga tagulla a lokacin hutun cin abinci, yana ci da hagun hankalinsa. Da ya gama, abin da yaro yake iya ɗauka da hannu ɗaya ya koma sai ƙarti biyu sun yi nishi. Ko tirela ta wuce ba ya motsi.

Sai ya rufe ƙofa, ya saita bututun ta taga wajen tankin ruwan kamfanin da ke maƙwabtaka da su, ya sa ido, ya murza. Hoto ya fito tas. Ga tanki, ga tsani, ga maigadi yana alwala. Sai dai tankin a rataye yake, maigadin kuma ƙafafunsa suna sama, ruwan butarsa yana zuba wajen gajimare.

Lawan bai firgita ba. An ɗaura abu a juye ne, ba yau ya fara gani ba. Ya kwance bututun, ya mirgina shi cikinsa ya koma baya, ya ɗaure. Maigadi yana nan a kife, ya kai wanke ƙafa. Ya juya ɗan gilashin da ake sa ido. A kife. Ya ciro babban gilashin gaba ya mayar da fuskarsa ciki. Maigadi ya yi dishi-dishi, amma bai sauko ba. Kwana uku yana wannan, har ya san yawan alwalar mutumin fiye da matarsa.

Da ma akwai wata takarda a cikin kwalin, layi na biyu ya ce irin wannan madubi haka yake nuna komai, ba lalacewa ba ce. Lawan ya goge giris da ita tun ranar farko. A ganinsa injiniyan da yake karanta takardar inji bai yarda da kansa ba ne. Tambayar wani kuwa ba ta taso ba. A kamfanin nan magana tana fita daga ɗakin gyara ta riga mai ita isa bakin get.

Ranar sha huɗu, bayan magariba, kafin ya tashi, ya hango wata ya fito ta gabas, cikakke, kamar faifai. Ya juya bututun ya leƙa. Wata ya cika ido, fari sol, har da tabo-tabonsa. Ya ɗago ya dubi na sama, ya koma ya dubi na ciki. Babu bambanci. Abu zagayayye ina samansa, ina ƙasansa? Ai ba don maigadi aka sayo shi ba. Ya yi hamdala, ya lulluɓe shi da tamfol, washegari ya sa a motar kurkura zuwa gidan Malam.

"Baba, sharaɗi ɗaya ne. Kada a buɗe sai ranar aiki. Gilashin irin wannan gajiya yake yi."

Malam ya gyaɗa kai, don shi ma ya san gajiyar ido.

A gida Safiyatu ta tambaye shi, "Ya gyaru kuwa? Baba fa ko abinci ba ya ci sosai."

"An taɓa kawo min abu ya koma yadda ya zo?"

"Ni dai tambaya na yi."

"Ni ma amsa na ba ki."

Ranar ashirin da tara aka hau da shi bene. Waɗanda suka ɗauka abokan aikin Lawan ne mazauna unguwar, cikinsu har da Sagir direban motar kaya, mutumin da in ya ji labari da asuba, kafin azahar an ji shi a Bompai. Aka yi sallar magariba a gaggauce, aka koma sama: Liman da littafinsa, 'yan kwamiti huɗu, Ɗahiru yana ɗaga waya yana juyi kamar mai neman sabis. A ƙasa jama'a sun cika layi. Yamma ta yi ja, hayaƙi ya kwanta a gindinta.

"Waya ta ce yana nan, ɗan hagu da inda rana ta faɗi," in ji Ɗahiru.

"Waya ta gan shi?" in ji Malam.

"Ta lissafa."

"To ta je ta ba da shaida."

Malam ya nuna da sandarsa, wajen da wayar ta faɗa ɗin dai. Lawan ya yaye tamfol, ya saita bututun da tsinin sandar, ya ja da baya. Tsoho ya sunkuya, ya sa idon da ya fi dama, ya murza maɓallin tagulla a hankali.

"Allahu Akbar," in ji Malam, hawayen murna na zubo masa. "Ga shi. Wallahi ga shi."

Ya daɗe bai ɗago ba, ba wanda ya iya ce masa ya matsa. Da Ɗahiru ya samu ya sa nasa idon, hayaƙi ya riga ya haɗiye wurin. Shaida ta zama ta mutum ɗaya.

Liman ya buɗe littafi. Ba a karɓar ganin wata da kabbara kawai, sai an yi wa mai shaida tambayoyi, ko da ya girmi masallacin.

"Malam, ina ne daga mafaɗar rana?"

"Hagu kaɗan."

"Tsayinsa?"

"Kamar kamu ɗaya daga kan rufin can."

"Madalla. Ƙahonninsa ina suka duba?"

Malam ya nuna da yatsa. "Ƙasa."

"Na'am?"

"Ƙasa suka duba. A kife yake, kamar an wanke ƙwarya an kifa."

Sai yanzu Lawan ya tuna cewa jinjirin wata ba faifai ba ne.

"Malam," in ji Liman a tausashe, "shekara goma sha tara kuna kawo min shi yana kallon sama."

"Abin da na gani na faɗa. Ni ma ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙila alamar ƙarshen zamani ce."

"Ƙarshen ido dai," in ji Ɗahiru ƙasa-ƙasa, yadda kowa zai ji.

Wani daga cikin 'yan kwamiti ya yi tari. Wani ya leƙa ƙasa ya faɗa wa na kusa, na kusa ya faɗa wa layi. Liman ya mayar da murfin biro, ya fara rufe littafi. Malam yana tsaye da sandarsa, hawayen murnar ɗazu bai ma bushe ba, yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, bai gane abin da ya yi ba.

Lawan ya dubi Sagir. Sagir ya riga ya gyara tsayuwa, kunnuwansa a buɗe. In Lawan ya yi shiru, babu mai sani har abada: tsoho ya tsufa, shi ke nan, gobe a kamfani a ce Injiniya ya gyara madubi tas, idon surukin ne bai gyaru ba. Ya tuna zai koma gida ya ci tuwon 'yar mutumin nan.

"Allah gafarta Malam," ya ce da Liman. "Ba idonsu ba ne. Abin ne yake kifa komai."

"Ba kai ka gyara shi ba?"

"Na gyara ƙafa, na gyara maɓalli. Kifawar ce..." Ya dubi bututun. "Kwana uku ina fama. Ta gagare ni."

"Ta me?" in ji Sagir. "Injiniya, iska ta ɗauke, ban ji ba."

"Ta gagare ni, Sagir. Ko in rubuta maka?"

"A'a, na riƙe."

Liman ya ce magana ba ta isa ba, sai ya gani. Aka rasa wanda za a gwada da shi, sai aka ce Ɗahiru ya sauka ya je can ƙarshen layi ya tsaya ƙarƙashin fitilar mai shayi. Ya tafi yana gunaguni. Lawan ya sunkuyar da bututun ya saita. Liman ya cire hula, ya sa ido.

"Subhanallahi. Ga Ɗahiru a rataye."

"A kira shi ya dawo?" in ji wani.

"Ku bar shi tukuna." Liman ya ƙara gyara ido. "Har hularsa ba ta faɗi ba. Ikon Allah."

'Yan kwamiti suka bi layi, kowa ya kalli Ɗahiru gwargwadon buƙatarsa. Sannan Liman ya yanke hukunci: abin da ya kifa mai kemis shi ya kifa wata, saboda haka ƙahonni sama suka duba, shaidar Malam Muhyiddeen ta tsaya. Ya rubuta, ya buga waya ya kai ta gaba. Malam ya dafa kafaɗar Lawan wajen sauka, ya kuma daɗe bai ɗauke hannun ba.

A ƙasa kuwa labari ya riga ya girma. An ce wata ya fito a kife, wata tsohuwa ta fara yafe wa maƙwabta, wani ya ce da ma shi ya ga alamu tun tsadar masara. Liman ya ce dole a yi wa jama'a bayani kafin abin ya kai Na'ibawa. Lawan ya bi shi har ƙofar masallaci.

"Allah gafarta Malam, in za ku faɗa, ku ce dai na'urar ce haka. Ba sai an kawo sunan kowa ba."

"Injiniya, shaida ba a yi mata aski. Yadda aka faɗa a gabana haka zan faɗa."

Ya shiga, ya ƙwanƙwasa makirfo sau biyu.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Wata lafiyarsa ƙalau. Malam Muhyiddeen ya gan shi, mun kai shaida, sai a jira sanarwa. Kifewar daga madubi ne, wanda Injiniya Lawan ya yi kwana uku yana gyara, ya gagare shi. Na maimaita, ya gagare shi."

Lawan yana tsaye a wajen takalma, yana jin muryar tana fita tas, babu ko ƙara, tana tsallake rufin gidaje. Lasifikar shi ya gyara ta bara, kuma ya yi mata aiki mai kyau. Har Challawa ake jin ta.