Ranar da Aka Haska Akuyar Kansila

Faifan ya sake cijewa a daidai inda akuyar ta leƙo kai ta tagar ofis. Mansura ta ciro shi, ta huhhura, ta goge da gefen mayafinta, ta mayar cikin na'urar. Hoton ya ɗan motsa, ya tsattsage, ya tsaya cak.

"Bar shi ya huta, ɗiyata," in ji Baba Mu'azu daga kan katifar da aka shimfiɗa masa a falo. "Shi ma ya tsufa."

Matarsa Inna Lantana ta shigo da kofin kunu, ta ajiye kusa da kansa, ta dubi talabijin ɗin kamar mai duban tsohuwar abokiyar gaba.

"Har yau wanga faifai? Kunu ya huce, magani bai shiga ba, amma akuya ta samu mai jinya."

"Ke dai ba ki taɓa son ta ba."

"Ni da na ba ta dussa wata guda cur kuna wahal da ita gaban kyamara? Tashi ka sha."

Bai iya tashi ba sai da suka tallafe shi su biyu. Mansura ta ji ƙasusuwan bayansa a tafin hannunta, ta kawar da kai.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Baba Mu'azu a Tudun Wadar Gusau. Tun da ta dawo daga jami'a tana zaman jiran bautar ƙasa, ita mahaifiyarta ke aikowa da kwanon abinci, kuma tun da asibiti suka ce a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a, sai ta riƙa zama bayan ta ajiye kwanon. Ba ta da yawan magana, shi kuwa bai taɓa buƙatar mai amsawa ba.

Mai majigi ne a da. Yana da gidan kallo a Tsafe, ranakun kasuwa kuma yakan ɗaura janareta da farin ƙyalle a bayan mota ya nufi Kucheri, ko ya tsallaka Furfuri da Rawayya. Da hanya ta daina biyuwa, mutane kuma suka daina taruwa bayan magariba, sai ya sayar da bencinan ya dawo Gusau. Amma bakinsa bai dawo ba, yana can ƙofar gidan kallo.

"Da can," ya ce bayan ya kurɓi kunun, "in anka ce fim ya shiga gasa, to ka nemo ƙarin benci. Mutane na son su ga abin da manya sunka gani. Zamanin kaset ke nan. Da faifai ya zo, abin ya fara juyewa. In na rubuta a allo cewa wanga fim an zaɓe shi a gasa, sai in ga samari sun karanta sun wuce wurin mai shayi. Sun ɗauka wa'azi za a yi musu. In sa wanda ake duka da rawa, wanda ko alƙali ɗaya bai san da shi ba, har a kan katanga ake zama. Yanzu kuwa mi ya rage? Kowa da silimarshi a aljihu. Wa zai gaya maka ko an yi dariya?"

Fim ɗaya tak ya taɓa yi da kansa, shi ne wannan da ke cijewa: Akuyar Kansila. A Furfuri suka ɗauke shi, da abokai da 'yan gari. Ya aika da shi gasa a Kano don kawai a ce ya aika, sai ga sunansa cikin waɗanda aka zaɓa a sashen barkwanci. Bai ci ba. Ɗan kasuwar da ya buga faifan ya manna tambarin gasar ƙato a jikin kwali, kwalayen suka yi ta shan rana a shaguna har launinsu ya koɗe. Shi kuma Baba Mu'azu zuciya ta hana shi haskawa a gidan kallonsa. Ya ce ba zai tsaya a ƙofarsa yana kallon samari suna wuce fim ɗinsa ba.

"A Kano sun haska ɗan guntu, an yi tafi," ya ce. "Manyan riguna, ɗaki cike. Amma tafi ladabi ne, ko jawabin banza ana yi mishi." Ya maida numfashi. "Mansura, shekara da shekaru ina jin mutane na dariyar fim ɗin wasu. Nawa ban taɓa ji ba. Ban sani ba ko kasuwa ce ta zalunce ni, ko gaskiya ta faɗa. Ina son in ji kafin in tahi."

"Ka ji irin ta," Inna Lantana ta ce. Ta ɗauki kofin ta fita. Daga tsakar gida suka ji tana fyace hanci.

Mansura ba ta ce za ta yi ba, ta dai yi. Ta kai faifan wurin masu tura fim a waya a bakin kasuwa, suka yi ta fama da shi har suka kwashe shi gaba ɗaya. Ta tura ƙanwarta wurin Sabiru mai gidan kallon ƙwallo, ya ba da aron babbar talabijin da janareta, ya ce ko kuɗin mai kada a ba shi. Inna Lantana ta yi mita kwana biyu, sannan da kanta ta bi gida gida tana cewa Malam na gayyatar unguwa kallo ranar Asabar bayan la'asar.

Ranar, aka ɗaura tamfol a tsakar gida don a rage haske, aka baza tabarmi. Mansura na zaure tana warware wayar janareta lokacin da mutane suka fara taruwa a ƙofa. A nan ta ji muryar Malam Yakubu, aminin Baba Mu'azu tun Tsafe. Shi ne ya fito a kansila cikin fim ɗin, yana da ƙuruciya da tumbin tsumma. Yanzu gemunsa fari fat, shi ke jan salla a masallacin layi in liman ba ya nan.

"Jama'a, ku saurara," ya ce a hankali. "Kun san halin da bawan Allah ga yake ciki. Likita ya sallame shi. Ya so a yi kallo, za mu yi mishi, amma a kama kai. Ba gidan biki munka zo ba. Kada in ji wani ya buɗe baki yana ƙyaƙyatawa a kan mutumin da ke kwance. A gaya wa mata su ma."

"Gaskiya ne, Malam," aka amsa. "Ai ko ba ka faɗa ba."

Mansura ta tsaya da waya a hannu. Taku kaɗan ne tsakaninta da shi. Abin da za ta ce ma ta san shi: Malam, ai dariyar yake so. Ta shirya kalmomin a baki, ta ɗaga kai, ta ga dattawa tsaye da huluna, ta ga sa'o'in mahaifinta, sai ta mayar da kai ƙasa. Malam Yakubu ya hango ta.

"A'a, 'yar boko, sannu da ƙoƙari. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Malam," ta ce, ta durƙusa. Suka wuce ta suka shiga.

Aka fito da Baba Mu'azu a kan kujera mai hannu, an sa masa farar riga da ta yi masa yawa. Ya hana a ajiye shi gaban talabijin. Ya ce a kai shi gefe, a juya shi yana fuskantar jama'a, don mai majigi ba ya kallon ƙyalle. Maza suka zauna gaba, mata a baya wajen madafa. Mansura ta kunna, ta koma jikin bango.

Fim ɗin ya fara. Ga kansila ya sayo akuya don ya yanka wa baƙi ranar buɗe rijiya, akuya ta tsinke. Ga shi yana bin ta cikin gonar gero da babbar riga, tumbin yana zamewa gefe yana gyarawa. Ga akuyar ta leƙo ta tagar ofis ta cinye takardar jawabinsa, shi kuma ya tsaya gaban jama'a yana karanta ragowar gefen da ta bari, da muryar manya, bai fasa ko kalma ba. Da ya ƙare sai ya nuna akuyar ya ce sauran jawabin yana cikin baƙuwarsu. Mansura ta kalli wurin nan sau da yawa a 'yan kwanakin, amma har yanzu sai da dariya ta taso mata.

Tsakar gidan kuwa tsit, sai ƙarar janareta daga waje.

Daga inda take tana ganin komai. Sabiru ya cije leɓe har jijiyar wuyansa ta fito. Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. A baya, Lami mai ƙosai ta cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunta na rawa, daga baya ta miƙe ta shige banɗaki ta daɗe. Wata 'yar yarinya ta saki ƙyal, uwarta ta ɗaka mata cinya, ta haɗiye sauran. Malam Yakubu na zaune a gaba yana kallon kansa da tumbin tsumma, fuskarsa kamar a sahun jana'iza.

Baba Mu'azu yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ciwon ya rage masa gani, Mansura ta sani. Ba zai ga leɓen Sabiru ba. Kawuna a sunkuye kawai zai gani. Duk inda abin dariya ya kusa, sai ya ɗan karkato da kunne, ya ɗaga yatsa daga hannun kujera, ya jira. Sai yatsan ya koma.

Mutum ɗaya ake nema ya fara. Ta san haka. In ta saki tata, Lami ba za ta iya riƙewa ba, in Lami ta fashe kuwa an gama. Ta buɗe baki. Abin da ya fito bai wuce tari ba, wani ya waiwayo, ta rufe bakin da mayafi.

Da sunaye suka fara hawa, jama'a suka taso layi suna gaishe shi.

"Allah ya ba da lafiya, Malam. Fim ya yi ma'ana."

"Akwai darasi a ciki ƙwarai."

"Wallahi akwai faɗakarwa. Shugabanni su ji tsoron Allah."

Yana amsawa da kai. Malam Yakubu ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya yi masa addu'a, idonsa ya kawo ruwa, ya fita da sauri.

Bayan an kwashe tabarmi an mayar da shi falo, Mansura ta tsuguna kusa da katifar. Inna Lantana na waje tana wanke kofunan da baƙi suka sha ruwa.

"Baba," ta ce, "ba haka ba ne. Sun so su yi dariya. Malam Yakubu ne ya ce a kama kai saboda jikinka. Na ji shi a zaure. Lami har banɗaki ta gudu."

Ya yi murmushi ba tare da ya buɗe ido ba.

"Ke yarinyar kirki ce."

"Wallahi, Baba."

"Na yarda ya faɗa. Halin Yakubu ne." Ya numfasa. "Amma ni na haska fim a Rawayya shekarar da fari ya cinye gero, mutane da yunwa a ciki, sunka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. In abu ya kai, ɗiyata, ba ya riƙuwa." Ya juya fuska wajen bango. "Ashe kasuwa ba ta yi ƙarya ba. To, madalla. Na huta da tunani. Mayar wa Sabiru da kayanshi, ki yi mishi godiya."

Bai sake maganar fim ba. Ta ci gaba da kawo kwano, yana ci gaba da komawa yadda ya zo. Wata safiya da hantsi tana shanya a tsakar gidansu ta ji salatin Inna Lantana ta kan katanga, ba da ƙarfi ba, kamar mai kiran wani da ke ɗaki na kusa. Kafin azahar an kai shi. Malam Yakubu ne ya yi masa wanka.

Ranar addu'ar uku mata suka cika tsakar gidan, a ƙarƙashin tamfol ɗin da ba a samu wanda ya kwance ba. An gama rabon gumba, an gaji da gaisuwa, kowa ta yi jugum. Mansura na zuba ruwa a buta lokacin da wata akuyar maƙwabta ta shigo ta zaure, ta tsaya, ta miƙa wuya ta fizgi ledar da ke gefen tabarmar Lami.

"Kai!" Lami ta daka mata tsawa. Sai kuma a hankali, ba ta ma san ta faɗa ba, ta yi muryar kansila: "Jama'a, a yi haƙuri, jawabin yana cikin baƙuwarmu."

Wata ta yi wani sauti ta hanci. Ta kusa da ita ta ce, "Ke, Lami, ki ji tsoron Allah, gidan rasuwa ne," amma ba ta kai ƙarshen maganar ba muryarta ta karye. Abin ya bi tabarmi kamar wuta a kara. Suna toshe baki da hijabi yana fita ta gefe, suna istigfari suna ƙarawa. Wata tsohuwa na dukan cinyarta tana cewa, "Tumbin nan! Tumbin da ke zamewa!" Daga waje aka aiko a ji ko lafiya, ba wadda ta iya ba da amsa.

Inna Lantana na zaune a bakin ƙofar falo cikin mayafin takaba. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma hana ba. Ta dai bi fuskokin da kallo, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗago ta dubi Mansura, wadda ruwa ya cika butar yana zuba a ƙafarta.

Ƙofar falon a saye take tun da aka fitar da shi. Inna Lantana ta miƙa hannu baya, ba tare da ta waiwaya ba, ta tura ta har ta buɗe gaba ɗaya, dariyar ta shiga. A ciki an naɗe katifar an jingine ta da bango.