Sunan Goggo a Ƙarƙashin Fure

Yana cikin jera busassun ganyaye a kan tebur sakatariya ta leƙo ta ce, "Dakta, ka yi baƙuwa." Kafin ya ɗago, sai ga Goggo, ƙanwar babansa da ta raine shi, tana dogara sanda, tana haki saboda hawan bene.

"Auta, asibiti na zo a duba mini ido, na ce bari in biyo in ga ɗan furen nan namu."

Fure kam nata ne, ba ko tantama. Shekara uku ya yi yana bulayi a kurmi, yana neman wannan tsiro mai rawayan fure don bincikensa, ko ƙyallinsa bai gani ba. Goggo ce ta ja shi har gindin wani ruɓaɓɓen kututture, ta ce, "Ga shi nan, sarkin boko. Ba ya son rana." Ranar ya rantse mata sai sunanta ya shiga takarda. Da aka zo rubutawa kuwa, sai gogan naka ya ga sunan tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba zai ɓata masa layi, ya rubuta nasa.

Ya buɗe kabad, ya zaro takardar da aka manna furen a kai. Goggo ta kai hanci.

"Kai, kun kashe masa ƙamshi! Karanta mini abin da ke ƙasan nan."

Ya karanta sunan tsiron da ranar da aka tsinko shi. Da ya zo layin wanda ya gano shi, ya yi gyaran murya, ya faɗi sunanta.

"Allah Sarki! Ina ne? Nuna mini."

Ya ɗora yatsa a kan nasa sunan. Sakatariya, wadda ta kawo ruwa, ta kalli yatsan, ta kalle shi, ta ajiye kofin a hankali. Kunya ta rufe shi, har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Goggo ta goge hannu a zaninta, ta shafa rubutun.

"'Yar nan, ɗauke ni hoto da shi. Yadda rubutun zai fito sosai, in kai wa jikokina su karanta da bakinsu."

Sakatariya ta ɗaga waya. "Dakta, ba za ka shiga ba?"

"A'a, ƙyale shi," in ji Goggo, ta rungume takardar a ƙirji. "Shi ai yana da nasa da yawa. Wannan ɗayan nawa ne."