Ranar da Farfesoshi Biyu Suka Shirya

Auta ta daɗe tana fama da kundin digirinta na uku, har waɗanda suka shigo bayanta sun gama sun bar ta. Ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, wallahi. Malamai biyu aka ba ta su duba aikin, su kuwa ba sa ga maciji da juna.

Tambayarta ɗaya ce: me ya sa a layin asibiti wasu ke matsa wa tsoho ya wuce gaba, wasu kuma su kafe? Farfesa Mai Alli ya ce al'ada a cikin kan mutum take, a raba tambayoyi, a ba kowa maki, a zuba a kwamfuta, magana ta ƙare. Farfesa Mai Sanda ya ce shirme ke nan, al'ada tsakanin mutane take yawo, kowa na satar kallon na kusa da shi kafin ya motsa. In ta gyara babi na uku don wannan, wancan ya bi shi da jan biro. In ta mayar, ɗayan ya ce, "Wa ya koya miki wannan sakarcin?" Alhali ya san wa.

Bana jami'a ta ce ko ta kare kundin ko a sallame ta. Sai ta zauna ta ƙera lissafin da ya haɗa maganganun biyu: abin da ke cikin kai yana aiki, amma idon jama'a kan danne shi. Ta gwada da duk abin da ta gani a layi, ya zauna daram. Har wani abu ya nuna mata: mutum biyu masu rigimar wuri, da na uku ya shigo raba su, sai su haɗu su far masa.

Ranar karewa Babanta ya zo da ciwon gwiwarsa, ya zauna kan benci a baranda cikin rigarsa ta fita kunya.

A ciki ta yi bayani. Mai Alli ya cire tabarau.

"Yarinya, kin gurɓata min lissafi da tatsuniya."

"Ni kuma ta mayar min da mutane lambobi," in ji Mai Sanda.

Suka dubi juna. Kai, duniya! Rabon da su haɗa ido tun Auta na aji ɗaya.

"Ka ga abin da na gani, Farfesa?"

"Ƙwarai kuwa, Farfesa. Aikin bai da alƙibla."

Suka sa hannu a takarda ɗaya, da biro ɗaya. An sallame ta. Abin takaicin, ita ce ta ukun da ta shigo raba su, kuma ita da kanta ta rubuta cewa haka za a yi, yana nan a sabon babi na uku, ba wanda ya karanta.

Suka fito suna dariya, Mai Alli har da dafa kafaɗar Mai Sanda. Baba ya ga fara'a, ya yunƙura ya miƙe da ƙyar, ya kama hannun Mai Sanda da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri. Kun riƙe min yarinya amana."

"Ba komai, Baba, aikinmu ne," in ji Mai Sanda, suka wuce shan shayi.

Baba ya juyo ya hango ta a bakin ƙofa rungume da kundin, ya washe baki.

"To, Dakta, mu tafi gida? Mamanki na can tana jira."