Ranar da Aka Ɗaga Jinkar Lado

Lado ya sa kafaɗa ya tura. Adudun ya yi ƙara kamar zai yi kuka, amma ko taƙi ɗaya bai wuce bakin ƙofa ba. Ya janye shi, ya kwantar da shi, ya sake turawa. Ya juya shi ta gindi, ya yi bisimilla, ya ƙara gwadawa. Ina! Murfin kaɗai ne ya yarda ya fita a karkace, shi ma da ya sami sarari sai ya kuɓuce, ya gangara tsakar gida yana juyi, bai tsaya ba sai a ƙafar Kaka Shatu da ke ɓarar gyaɗa a gindin ɗorawa.

Tsohuwar ta dubi murfin, ta dubi ɗakin jikanta. Ta tashi da ƙyar ta leƙa ciki.

"Maigida," ta ce, don haka take kiransa in tsokana ta motsa mata, "wannan adudu ne, ko rumbu ka gina mana a ɗaka?"

"Kaka, don Allah ki rage murya."

"Ni dai na san ba nawa ba ne. Zanena uku ne, ɗaya ma yana jikina. Kwana arba'in kana rufe asabari kana cewa ciwon kai! Ashe ciwon a ƙirji yake."

Lado ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Allah sarki, gaskiya tsohuwar ta faɗa.

Tun da damina Tasalla ta zo ƙauyensu, nan gindin duwatsun Roni. Aurenta ne ya mutu a Babura, ta gama idda, ta taho wurin gwaggonta Saude mai fura don ta huta da surutun mutane. Kowace ranar kasuwa sai ta tsaya a rumfar Lado, ta ɗaga wannan kwando, ta shafa wancan faifai, ba ta taɓa sayen ko ɗaya ba. Shi kuwa da ya hango ta sai harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Wata rana ta ce masa, "Malam Lado, kwandunanka kamar maganarka suke, 'yan ƙanana. Ka san wani masinja a Babura, Lauwali, ya aiko wa yayana wai ya saya mini akwatin ƙarfe mai fenti, har da kwaɗo? Da kakar gyaɗa zan koma. Ni kuwa da zan sami adudun da zai ɗauke kayana duka, me zai kai ni Babura?"

Zuciyar Lado cike take da magana, amma abin da ya fito shi ne, "To."

Washegari ya ɗauki lauje ya gangara fadama. Ya yanko tsaure mai tsawo, ya shanya, ya zaɓe na zaɓa, ya jiƙa. Ya tsaga kaba siriri kamar zare, ya rina rabi da karan dafi har ta yi ja wur. A gidansu, tun zamanin kakansa, a tsakar gida ake saƙa, a inuwar ɗorawa, inda duk mai wucewa zai yi sallama ya ce sannu da aiki. Shi ya sa a cikin duk abin da ubansa ya koya masa, yadda ake kafa gindi, yadda ake ja da basilla, yadda ake naɗe baki, babu inda aka taɓa cewa a auna ƙofa. Wa ke saƙa a ɗaka? Sai mai kunya. Lado ya kwashe kayan aikinsa ya shige ɗaki, ya saki asabari. Ya kafa gindi daidai misali, amma duk sanda ya tuna yadda take karkata kai in za ta yi dariya sai ya ƙara zagaye ɗaya. In ya tuna akwatin Lauwali sai ya ƙara biyu. Da abin ya yi tsawo, ciki yake shiga ya zauna yana saƙa yana juyawa, kamar tsuntsu a sheƙa.

Yau ga shi an gama. Yau kuma kasuwa, kuma yau motar kamfani da ke kwasar gyaɗa za ta tashi bayan azahar zuwa Kazaure, Tasalla a saman buhuna, daga can ta nemi ta Babura.

"Zan fasa gefen ƙofar," in ji Lado.

"Ɗakin da ubanka ya gina da hannunsa? Taɓa ka gani."

"To in jiƙa shi ya yi laushi, in matsa..." Bai ƙarasa ba, don ya san in ruwa ya taɓa shi jan zai zube cikin farin, bakin kuma ya karkace har abada.

"Ko ka rage masa ciki da wuƙa," Kaka ta ce tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Gara in yanke yatsana."

"Ahaf. To ɗaga kanka, sarkin wayo."

Lado ya ɗaga kai. Jinka. Kamar kowace jinka a ƙauyen, a ƙasa aka ɗaura ta, aka baibaye, sannan maza suka ɗauka suka ɗora a kan gini. Abin da aka ɗora kuwa ana iya ɗagawa. Sai dai ba aikin mutum ɗaya ba ne, ba na biyar ba ne. Sai maza goma sha biyu, kuma ba a taɓa kiran mutane gayya ba a gaya musu dalili ba.

"Kaka, duk gari zai ji."

"To bar shi nan. In ta haihu a Babura sai ka aika mata da faifai."

Bai tsaya neman hula ba.

Kasuwa ta fara cika. A bakin sikelin kamfani ya sami abokinsa Na'Allah yana jera buhuna. Bara Na'Allah ya dawo daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku, da takalma manya da kunne ɗaya da igwa ta kashe. Kowa ya san kofur ne ya dawo, amma Saje ake ce masa don a zauna lafiya. Lado ya matsa ya yi masa raɗa.

"Ɗaga murya, ɗan'uwa! Wannan kunnen yana can cikin daji!"

Lado ya zagaya ɗaya kunnen ya maimaita.

"A ɗaga jinkarka?" Na'Allah ya faɗa da muryar da ta sa awaki suka waiwayo. "Jinkar da muka baibaye bana? Maciji ne?"

"Adudu ne. Ya ƙi fita."

"Adudu! Na wa?"

Masu auna gyaɗa suka bar mudu. Mahauci ya ajiye wuƙa. Lado ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Na wata ce," ya ce yana kallon yatsun ƙafarsa.

Mutum goma sha biyu ya zo nema. Da ya juya gida, rabin kasuwa ne a bayansa, har da mai wanzanci da wanda ake yi wa aski, rabin kansa fari rabi baƙi.

Na'Allah ya karɓi aikin kamar an ba shi bataliya. Ya zagaya ɗakin da mutane, ya sa huɗu suka shiga ciki da gwafanni, ya tuɓe riga ya ɗaura a ƙugu.

"Kowa ya kama! In na ce ɗaya, ku ja numfashi. In na ce biyu, ku tuna iyayenku. In na ce uku, sama!"

Jinkar ta yi ƙugi, ta motsa, ta rabu da ginin. Ƙura ta zubo, ƙadangaru biyu suka faɗo suka ruga, wani tsohon ludayi da Kaka ta yi wata uku tana zargin maƙwabta da shi ya faɗo a kan mahauci, aka fashe da dariya. Aka ja ta gefe guda, aka tokare da gwafanni, maza takwas suka sa kai da kafaɗa suka riƙe. Sai rana ta sauka cikin ɗakin.

Dariyar ta tsaya.

Lado kansa bai taɓa ganin abin da ya saƙa a cikin haske ba. Tsauren ya yi ruwan zuma. Jan kabar ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, kamar duwatsun Roni in an hango su da yamma daga fadama. Babu tsinke ɗaya da ya fito, babu zagayen da ya fi ɗan'uwansa. Duk maganar da ya kasa faɗa a rumfa tana nan a jere, zagaye bisa zagaye, kowa yana karantawa. Idonsa ya kawo ruwa, ya yi kamar ƙura ce.

"Tabarakallah," wani dattijo ya ce a hankali. "Ɗan nan, ko ubanka bai yi irin wannan ba."

Mutum huɗu suka ɗaga adudun ta saman gini suka dire a tsakar gida.

"Sannunku da aiki! Ga ruwa!"

Muryar Kaka ce. Wanda ya kira gayya shi ke shayar da mutane, kowa ya san haka, kuma Lado a ruɗewarsa ya manta. Kaka ba ta manta ba. Tana ganin fitarsa ta ɗauki sanda ta nufi gidan Saude ta sa a dama fura ƙwarya guda, sannan ta ce wuyanta ba zai iya ɗauka ba. Ga ta nan tafe, a bayanta Tasalla, ƙwarya a ka, ƙunshin tafiya a hammata, ta ci ado da sabon kitso don hanya.

Tasalla ta sauke ƙwaryar. Ta dubi ɗakin da ba kai, ta dubi maza takwas suna gumi a ƙarƙashin jinka, ta dubi adudun. Ta ja mayafi ta rufe bakinta, amma idanunta sun riga sun yi dariyar.

"Malam Lado, gobara aka yi?"

"A'a."

"To me ya sami ɗakin?"

Lado ya buɗe baki. Can bakin kasuwa motar kamfani ta yi ham, dogo.

"Lado!" Na'Allah ya yi ihu daga ƙarƙashin ciyawa. "Wallahi na ɗauki akwatin harsashi daga safe har la'asar, bai kai wannan ba! Ka yi magana! Ba mai saukewa sai ka faɗa!"

"Saje, yi wa kanka alkawari," in ji mahauci cikin nishi. "Ni wuyana ɗaya ne."

Lado ya dafa bakin adudun da hannu biyu, kamar shi ne zai riƙe shi kada ya faɗi.

"Kin ce," ya fara, "ranar nan a rumfa, kin ce da za ki sami adudun da zai ɗauke kayanki duka, ba abin da zai kai ki Babura. Ga shi. Ba shi da fenti, ba shi da kwaɗo. Naki ne, Tasalla. Kada ki tafi."

Tasalla ta zagaya adudun sau ɗaya, tana bin jan zanen da yatsa. Ta leƙa ciki, sai da ta yi ɗage. Sannan ta ciro ƙunshin da ke hammatarta ta ɗaga masa. Bai fi kabewa ba.

"Ka san kayan nawa duka ke nan? Zane huɗu, tasa biyu, da madubi."

Jama'a suka fashe da dariya, jinkar ta yi tangal-tangal, Na'Allah ya daka tsawa a riƙe. Lado ya dubi ƙunshin, ya dubi ramin da ya kwana arba'in yana faɗaɗawa.

"Sauran wurin," ya ce, "a hankali zan cika shi."

Tasalla ta daina dariya. Ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Motar ta sake yin ham, sau biyu.

"Ƙofar Gwaggo ta fi taka ƙanƙanta," ta ce ba ta dube shi ba. "Direba kuma ba zai sauke buhu biyar don wannan ba."

Sai Lado ya ga ta miƙa hannu ta saki ƙunshin cikin adudun. Ya faɗa can ƙasa, tasoshin suka yi 'yar ƙara. Ta matsa kusa da Kaka ta yi mata magana a kunne, ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

Kaka ta gyara tsayuwa a kan sandarta.

"Saje! Ta ce ku yi haƙuri. Wai ku mayar da adudun inda kuka ɗauko shi kafin ku sauke jinkar."

"Mu mayar?" Na'Allah ya leƙo da kai, ciyawa har cikin gemunsa. "Bayan duk wannan? Baiwar Allah, in muka rufe, ba ya sake fitowa fa! Ni dai ba ni ba ɗaga jinka sau biyu!"

"Na sani," in ji Tasalla daga cikin mayafi.

Aka mayar da shi. Aka sauke jinkar ta zauna daram a kan gininta, maza suka zube a inuwar ɗorawa suna miƙa wa juna ludayi. Can nesa aka ji motar ta tashi, ta yi tari, ta kama hanyar Kazaure. Tasalla ta jira aka shanye furar, ta ɗauki ƙwaryar gwaggonta, ta fita ba ta waiwayo ba, ba komai a hammatarta.

Lado yana nan tsaye a tsakar gida, rungume da murfin.

"Rufe bakinka, maigida, ƙuda zai shiga," Kaka ta ce. "Ka kai wannan ciki, ka wanke fuska, ka je ka nemo goro. Da la'asar baffanninka za su gidan Saude."

Ya karkata murfin, ya shigar da shi a hankali ta ƙofar. Kafin ya rufe, ya leƙa ya ga ɗan ƙunshin nan shi kaɗai a tsakiyar gindin, daidai inda ya soma saƙar.