Hular Taubashi

Layin wayar Gado ya mutu, kuma lambar nan kaɗai ɗansa da ke aiki a Agadas ya sani. Sai ya hau kabu-kabu daga Gangara zuwa Gazawa, buro, wato ofishin kamfanin waya.

Kakannin Gado makiyaya ne, shi kuwa manomin gero ne, ko akuya bai ajiye ba. Amma fuska ba ta ɓuya. Rashidu, ma'aikacin da ke bayan tebur, ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Kai Bafillace, jira waje, warin nono na hawa mini kai." Gado ya jira. Aka yi ta sallamar waɗanda suka zo bayansa har aka rufe buro.

Washegari ya nemi shugabar wurin, Madam Balki, ya gaya mata abin da Rashidu ya yi masa, ya ce, "So nike a kore shi."

Ta yi dariya ta ce, "Haba Baba! Rashidu ai Babarbare ne, taubashinka ne. Wasa ne tun kaka da kakanni."

Gado ya san wasan Fulani da Barebari, da shi ya yi furfura. Taubashi zai zage ka tas, sannan ya shimfiɗa maka tabarma. Abin ya ci masa rai, amma bai yi gardama ba. Ya ce, "To madalla, ashe ɗan gida ne."

Ya wuce kai tsaye wurin tebur, ya fizge hular Rashidu ya ɗora a kansa, ya ce, "Bawana, tashi ka ba ubangidanka kujera."

Masu jira suka kwashe da dariya. Rashidu kuwa ya miƙe, ya hankaɗe tsohon sai da ya zube ƙasa, yana cewa, "Ni sa'an wasanka ne, baƙauyen banza?"

Dariya ta ɗauke. Madam Balki na tsaye bakin ƙofa, ba abin da ya wuce ta. Ita ta tada Gado, ta gyara masa layi da hannunta, ta ce wa Rashidu ya ajiye makullai ya fita.

Gado bai ji wani daɗi ba, ƙugunsa kawai ke ciwo. Yana ɗingishi zuwa tasha wayar ta yi ƙara. Ɗansa ne: "Baba, lafiya? Na yi ta kira ba ta shiga."

Gado ya gyara zaman hular Rashidu a kansa ya ce, "Lafiya lau. Wasa na tsaya yi da wani Babarbare."